Kawu da Ƙahon Albarushi

Daren Alhamis, watan Rajab, garin Zakka.

Har yanzu kunnena ƙara yake yi. Tun da Kawu Ɗanjuma ya dawo fatauci daga Lakwaja ya ishe mu da labarin jirgin Nasara mai tafiya da wuta a ciki. Yau ya same ni a maƙera ina gyaran bindigar Sarkin Baka, ya dage wai albarushi ake zuba wa jirgin.

Na ce, "Kawu, da bakinka ka ce itace ake loda masa. Irin wutar murhuna ce, tana ci sannu a hankali, tururi na tura shi. Ta bindiga kuwa tashi guda take yi, ta kori harsashi, ta mutu."

Ya ce, "Kai ka je ko ni?"

Kafin in aje guduma ya ɗora tukunyar ruwana bisa garwashi, ya jefa ƙahon albarushin Sarkin Baka ƙarƙashinta. Tukunya ta tarwatse, rumfa ta kama, gemunsa ya babbake. Da me Sarkin Baka zai kori kura daga garke yanzu, babu albarushi?

Muna fama da gobara, shi yana ce wa jama'a, "Kun dai ga ta motsa!"

Ƙanin uwata ne. Dole sannu na yi masa.