Allurarki Ce Ta Kashe Shanun Garinmu?

Safiyatu, sanyin randa da azahar, furen wake a gonar da ruwa ya guje wa, ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, wai allurarki ce ta kashe shanun garinmu? Ba ni na faɗa ba. Abin da ake jifana da shi ke nan a ƙofar masallaci, a bakin rijiya, har a kasuwar Dawanau.

Kin tuna ranar da kika sauka da kwalabenki da matsefatarki, kika ce binciken cutar kaska ya kawo ki? Kowa ya janye igiyar sansa. Ni da na koyi boko a takardar ƙunshin ƙosai, ni na bi gida-gida ina rantsuwa cewa alheri kika kawo. Na riƙe miki ƙahon san Baba a gindin ɗorawa, kina cire kaska a kunnensa, kina ɗibar jini, kina gaya mini akwai wata ƙwayar cuta a cikin kaska da ido ba ya gani, ita ke sa dabba ta yi ta zagaye har ta faɗi. Wallahi ko rabi ban ji ba. Yatsunki nake kallo!

Kika tafi, ruwa ya ɗauke, shanu suka hau faɗuwa. Na Baba ne na farko. Yanzu tsohon nan da garmar hannu yake huɗa, ya daina haɗa ido da ni. Rumbu wayam, turke wayam, sai sunan da maƙwabcinmu Badaru ya laƙa mini: mai sayar da jinin shanu. Na zage shi tas, har dattawa suka kore ni daga majalisa. Ke kuwa shiru. Haba, hasken idona! Kin duƙa kan madubin bincikenki kina hango abin da bai kai ƙwayar gero ba, amma ni, ƙato guda, kin kasa gani?

Na san kaska ce, ba ke ba. Ko garin nan zai tofa mini yawu, ni Muntaka naki ne har ƙasa ta rufe idona. Amma bakina ya daina tsada a nan.

Ki zo ranar Juma'a. In an sauko, ki tsaya a ƙofar mai unguwa, gaban Baba da Badaru, ki faɗi abin da ya kashe shanun nan. Sannan, kafin a watse, ki faɗa musu ni wane ne a wurinki.