Tsamiya a Cikin Kwano

Daren Laraba, garin Azuba, kusa da Lafiya

Zainab ta kira daga Kanada. Wai a can ana rainon ƙananan itatuwa cikin kwano a ɗaki, bonsai sunansu, kuma irin na ƙasarmu take nema. Mai sayarwa ya ce cediya ta fi jure ƙarancin rana, ita kuwa tsamiya take so, irin ta gidanmu.

Na ce, "Tsamiya a ɗaki? Da aljanunta?"

Ta kwashe da dariya. "Mama, wane aljani zai zauna cikin wannan sanyin?"

Ɗazu na haska tamu da tocila, ganyenta sun rufe kamar kullum in dare ya yi. Ko ta can da wane lokaci za ta riƙa rufewa? 'Yata dai har yau, in dare ya yi a nan Lafiya, barci take ji a wurin aiki.