Burodin Ƙarfe Bakwai

Litinin, 3 ga Maris

Na ciro injin gasa burodi daga kwalinsa. Wata biyu da aure yana saman kabad, tun ranar da Anti ta ba ni shi. Daga yau karin kumallon gidan nan ya canza.

A littafin da nake karantawa, matar tana kai wa mijinta gasasshen burodi da zuma a tire, shi kuma ya riƙe hannunta ya ce ba zai je ofis ba. Nawa mijin ba ofis gare shi ba, a gidan burodi yake aiki. Ƙarfe bakwai yake shigowa, fulawa har a gira, da burodi guda mai zafi naɗe a tawul. Ya ɓara da hannu, ya miƙo min rabi, ya tsoma nasa a shayi. Shi ke nan fa. Ba tire, ba kallon ido. Zan gyara shi. Na karanta littattafai sun fi ɗari, na san yadda ake yi.

Talata, 4 ga Maris

Na karɓi burodin na ajiye bakin taga ya huce, don mai zafi ba ya yankuwa. Na yanka siri-siri, na gasa, na shafa bota da zuma. Ya daɗe yana kallon farantin. "Amarya, me ya samu burodin?" Na ce ci gaba ne ya same shi. Ya ci yanka biyu. Kunya ce, na sani.

Alhamis, 6 ga Maris

Nas ɗin da ke ƙofar da ke kallon tamu ta yi aiki a ƙasashe uku. Ta ce akwai inda ake goga ɗanyen tumatir a gasasshen burodi a ɗiga man zaitun, akwai inda manya da gemunsu suke barbaɗa cakulan a kan bota, akwai masu sa gishiri da man shanu a shayi. Na rubuta duka a bayan littafi. Ashe duniya na can tana karyawa, mu muna nan muna tsome.

Juma'a, 7 ga Maris

Tumatir da man zaitun. Ya ce, "Miyar ce ba ta ƙarasa dahuwa ba?" Ban yi dariya ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Gahawa baƙa a ƙaramin kofi, irin ta jarumin littafin. Ya kurɓa, fuskarsa ta tattare kamar tsumma. Ni ma ɗacin har kunne, amma na shanye ina murmushi. Mace mai aji ba ta yamutsa fuska.

Ya ce, "Ko yau ki ɗanɗana burodin da zafinsa?" Na ce sai an gasa yake zama abinci. Ya ninke tawul ɗin.

Talata, 11 ga Maris

Ya shigo hannu rabbana. Wai ya karya a wurin aiki. Na sayo burodin leda a kanti na gasa abina.

Alhamis, 13 ga Maris

Kwana uku ba tawul. Yana shigowa ya gaishe ni, ya yi wanka, ya kwanta. A littafi idan miji ya yi shiru, to so ne ya yi masa yawa. Na duba shafin har sau biyu. Ƙarfe bakwai dai kicin ɗin ba ya ƙamshin komai, sai wayar injin da ta ɗauki zafi.

Asabar, 15 ga Maris

Yayarsa ta zo. Ta ga injin, ta ga ledar kanti, ta zauna ba ta cire mayafi ba.

"Ke 'yar nan, burodin ƙanina kike sawa a wannan abin?"

Na fara yi mata bayanin ƙasashe. Ta ɗaga min hannu.

"A gidanmu wanda ya kwana ake gasawa, don a rufa masa asiri. Ki gasa wa mai burodi burodin yau, kin ce masa aikinsa bai nuna ba ke nan."

Ta ce wanda yake kawowa daga zubin farko yake cire shi, na tsakiyar tanda, inda wuta ta fi daidai. Abokan aikinsa har suna sun sa masa: na Amarya. Gudu-gudu yake tahowa da shi don kada ya huce a hanya.

Ni kuwa bakin taga nake kai shi.

Na ce mata ai shi bai faɗa ba. Ta ce, "Wannan? Ko ƙafarsa kika taka, haƙuri zai ba ki."

Har yanzu ina ganin zumar ba laifi ta yi ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Na ce masa, ina kallon tukunya, burodin kanti kamar soso yake. Ya ce, "Haka ne?" Na ce ina son na tawul. Ya ce, "To."

To kawai. A littafi da an yi shafi huɗu.

Litinin, 17 ga Maris

Bakwai saura biyar na ji ƙafarsa a matakala, yana haki. Tawul a hammata, wata leda a hannu. Na ɓara da hannu kafin ya zauna, na ƙona yatsa, tururi ya bugi fuskata. Ban shafa komai ba. Ba zan rubuta yadda yake ba, kada in ba Yaya gaskiya.

Ya turo min ledar. "Wannan na jiya ne, na injinki. A gasa min biyu. Wannan zumar taki da saura?"

Shayi muka sha, mai madara. Na tsoma sau ɗaya, don in gwada kawai. Littafin na rufe kofinsa da shi kada ya huce yana wanke hannu, bangon ya jiƙe ya lanƙwashe. Ban ma tuna shafin da na tsaya ba.