Makahon Kuru

Litinin, 6 ga Maris, 1978
Wani tsoho, Dantong, ya zo shagona daga Kuru. Wai tare suka yi haƙar kuza da Datti, mutumin da ya tafi ya bar Inna da cikina. "Oga tela, babanka ba lafiya. Ido ya mutu. Kullum yana kira sunanka." Na ce na ji. Na ci gaba da taka keke.

Laraba, 8 ga Maris
Karatun bayan la'asar wurin Malam Jika. Ya ce sahabi shi ne wanda ya sadu da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana mai imani da shi, ya kuma mutu a kan haka. Malamai "saduwa" suka ce, ba "gani" ba, don akwai makaho cikin sahabbai. Usumanu sarkin tambaya ya ce, in ɗan lokaci ne fa? Malam ya ce ko da ƙiftawar ido ce. Usumanu ya ce, to wanda ya iso ya tarar da gawa, ba a binne ba tukuna? Malam ya ce an yi saɓani, amma mafi rinjaye, wannan ya makara.

Ni me ya dame ni? Na dawo na ɓata wuyan rigar mutane.

Alhamis, 9 ga Maris
Na gaya wa Inna. Ta daɗe tana tsince shinkafa. "Ni na gama da shi, Isa. Kai ba ka ma fara ba."

Asabar, 11 ga Maris
Ban je ba.

Lahadi, 12 ga Maris
Na je. Ɗaki ɗaya bayan tsohon ramin kuza, sai warin magani. Na shirya maganganu tun cikin mota, ko ɗaya ba ta fito ba. Datti ya laluba fuskata, hannunsa kaushi kamar bayan itace. Ya tsaya kan kunnena, ya ce irin na uwarsa ne. Ya ce in ba shi ruwa, na ba shi. Shi ke nan fa. Haushi nake ji, tausayi kuma ya hana ni sakat.

Talata, 14 ga Maris
Dantong ya dawo. Ya ce jiya da hantsi Datti ya cika, har sun kai shi.

Na yanka farin yadi ba tare da na san na wane ne ba. Usumanu ya leƙo, ya ce ta'aziyyar me, mutumin da ko saninsa ban yi ba? Na ce mun sadu da Baba.