Takalmin da Ya Fara Matse Ni

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da gwiwar nan taki mai ƙorafi duk sanda aka yi ruwa. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Shi ne ma ya sa na ɗauki biro maimakon waya, don a waya katse ni kike yi kafin in kai ƙarshe.

Ƙafar nan ce. Ƙullutun ƙashin da ke gindin babban yatsana na dama, wanda na gada wurin Inna, ke kuwa kika tsallake rijiya da baya, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Yanzu babban yatsan ya karkace har ya hau kan maƙwabcinsa. Kin san 'yan aji ɗaya, ba su san ƙafar malama da ƙafar tebur ba. Shekaranjiya wata ta taka ni tana rige-rigen nuna mini littafinta, sai da na dafa allo na juya musu baya don kada su ga hawayena. Daga makaranta na wuce asibiti. Likitan ƙashi ya ɗauki hoto, ya ce magani ba zai miƙar da shi ba, sai an yi aiki. Za a yanke ƙashin, a daidaita shi, a ɗaure da ƙananan ƙusoshi.

Ba wuƙar nake tsoro ba, Yaya. Baban yara nake tsoro. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa sayen takalmi a kasuwa ba, shi ke ɗinka mini. Duk shekara yakan tsugunna ya ɗora ƙafata a kan kwali ya zagaye ta da fensir, kuma sai da la'asar, bayan na wuni a tsaye, wai lokacin ne ƙafa ke faɗin gaskiya. A shagonsa akwai ƙafar katako da ya sassaƙa daidai tawa. Duk sanda ƙullutun ya ƙaru, sai ya manna wa katakon ƙyallen fata a wurin, don sabon takalmin ya bar masa fili. Yakan ce a garin nan babu likitan da ya san ƙafata kamarsa.

To, takalman da ya yi mini bara da bana matse ni suke. Ban faɗa masa ba. Silifas na roba nake ɓoyewa a jaka, in na kai ƙofar makaranta in canza kamar ɓarauniya. In ya tambaya, in ce daidai suke.

Ta ina zan fara? Kwana biyu ke nan ina sharar da ba ta buƙatar shara.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya jikin maigidan? Allah ya ƙara sauƙi. Na ga saƙonki, kin ce in lallaɓa shi in ya ci ya ƙoshi. Na bi shawararki rabi, bakina ya ɓata sauran.

Na jira ya wanke hannu, na ajiye masa hoton ƙashin a gabansa. Ya ɗaga shi wajen taga ya daɗe yana kallo, har na ƙosa. Sai ya tambaye ni tun yaushe takalmin ya daina yi mini. Da na ce kwanan nan ne, da an wuce wurin. Amma kin san ni, in na tsorata surutu nake yi. Na ce shekara biyu. Na ƙara da labarin silifas ɗin jaka, wanda babu wanda ya tambaye ni. Yaya, ban taɓa ganin fuskar mutum ta faɗa haka ba. Ya mayar da hoton cikin ambulan, ya tashi ya tafi shago, alhali ranar ba ya buɗewa.

Da faɗa ya yi, da na fi samun sauƙi. Washegari shi ya raka ni asibiti, shi ya sa hannu a takarda. Likita yana bayani, shi yana kallon ƙasa. An sa ranar Talata ta sama.

Tun lokacin ban san inda zan sa kaina ba. Sau biyu ina ɗaukar waya don in ce a fasa, sai ƙafar ta soke ni kamar ta ji abin da nake shirin yi. Na wanke labulen ɗaki, na jera tukwane daga babba zuwa ƙarama, na rubuta wa malamar da za ta riƙe mini aji shafi tara na bayani, har da wanda ke kuka in an canza masa wurin zama. Da na biya ta shago jiya, na ga ya sauke ƙafar katakon daga kan kanta, inda take tun aurenmu. Ban ga inda ya kai ta ba, ban kuma iya tambaya ba.

Ina jin kamar na je wurin wani na kai ƙararsa. Ƙafa nake so a gyara mini, ba na so in fito asibiti da miƙaƙƙen yatsa in tarar mijina ya zama baƙo.

Ki sa ni a addu'a.
Taki, Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki ce wa yara na gode da kiran da suka yi, ko da yake ban san me na faɗa musu ba, allurar ba ta gama sakina ba.

An yi, an gama, yau kwana goma sha biyu. Kwana ukun farko ba zan ba ki labarinsu ba, don kada ki ce na faye raki. Yanzu ciwon da sauƙi, zaman ne zai kashe ni. Dokar likita ita ce ƙafa a sama kan matashi uku, mako shida, in zan je banɗaki in taka da diddige kawai ina dogara sanda. Ni da nake wuni a tsaye kan yara arba'in! Na san yawan layukan da ke jikin silin. Ƙarfe goma na yi, sai in ji jikina ya zabura, lokacin da yara ke fita hutu a makaranta ne, ko waye ke raba masu faɗa a kan ruwan sha. Na gyara kwanciya ta dama, na koma ta hagu, na karanta kwalin maganin har da ƙananan rubutun. Maƙwabciyarmu ta zo dubiya na riƙe ta awa uku, ba ta sake dawowa ba.

Baban yara bai rage ni da komai ba. Shi ke ɗaure mini ƙafar da leda in zan yi wanka, shi ke ajiye mini ruwa da magani kusa kafin ya fita. Amma duk abin nan kansa a juye yake yi. Bai kalli ƙafar ba ko sau ɗaya. Ranar da aka cire zare na ce ya matso ya ga ɗinkin likita, ya gaya mini ko ya kai nasa. Da wasa na faɗa. Sai ya ce zai duba ko mai tasi na nan, ya fita.

Asibiti sun ba ni wani baƙin takalmi mai faɗi kamar faranti. Na zaci zai juya shi ya kushe shi, kamar yadda yake yi wa takalmin kowa, har na baƙi. Ya ɗauke shi ya ajiye mini a gefen gado kawai.

Gidan ya yi shiru da yawa. In fushi yake, ya fito ya faɗa mana.

Ƙanwarki mai zaman dole, Auta

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Kafin ki ji a bakin wani, na karya doka, kuma likita ya riga ya wanke ni tas, don haka ki rage naki.

Ranar Litinin, mako na huɗu, zaman ya kai mini iya wuya. Na sa baƙin takalmin, na ɗauki sanda, na tari tasi zuwa shago. Niyyata in zauna a gabansa in ce yau sai mun yi ta ta ƙare. Na sauka nesa kaɗan, na ɗingisa har jikin tagarsa, sai na tsaya.

Yana zaune a kan kujerarsa, ya kai fata dab da hancinsa. Ya ja layi da fensir, amma da ya ɗauki basilla zai huda, sai na ga yana laluben layin da ɗan yatsa. Ya huda a gefe. Ya shafa, ya gane, ya sake hudawa, nan ma a gefe. Mutumin da a da yake ɗinki yana hira yana kallon titi! Zare kuwa ya fi sau goma yana kai shi bakin allura yana wucewa. Tela na kusa da shi ya gan ni, ya zo ya ja ni gefe. Ya ce ai kullum da safe shi ke zura masa allurai shida ya soke a jikin ƙyalle, shekara biyu ke nan, yau ne suka ƙare da wuri. Ya ɗauka na sani.

Shekara biyu, Yaya. Daidai lokacin da takalmin ya fara matse ni. Ina kwana ina tashi da mutum, ina gane ɗalibin da ba ya ganin allo daga bayan aji, ban gane mijina ba. Na tuna yadda ya daina karanta mini saƙon waya, da yadda ya daɗe da hoton nan a bakin taga. Ashe ba nazarinsa yake ba.

Ban shiga ba, kunyarsa ta kama ni. Na koma gida ƙafa ta kumbura suntum, bandejin har ya nutse. Washegari aka sake hoto. Allah ya taimake ni ƙashin bai goce ba, amma an ƙara mini mako biyu.

Yanzu ƙafa na sama, zuciya na kai-komo. Na san tela ya gaya masa, don jiya ya dawo ya kasa haɗa ido da ni.

Taki, Auta

*

Yaya tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigida. Yi haƙuri da shiruna na mako shida, abubuwa ne suka taru. Rubutun zai karkace, a kan cinya nake yi, a bencin asibitin ido.

Mun yi maganar. Ni na fara, na ce na ga komai ta taga. Ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani. Tun bara likitan ido ya ce a cire, shi kuma ya gudu, wai ba zai kwanta a sa masa wuƙa a ido yana ji yana gani ba. Ya ci gaba da ɗinki da lalube, yana fatan hannu zai tuna abin da ido ya manta. Abin da ya fi ci masa rai, ya ɗauka takalmansa ne suka ƙarasa lalata mini ƙafa. Ya ce tsoronsa ne ya kai ni ƙarƙashin wuƙar da shi ya guje wa. Shi ya sa ya kasa kallon wurin. Ni ina nan ina cewa fushi yake da ni, ashe da kansa yake.

Na ce masa likita ya faɗa a gabansa gado ne, ko da takalmin auduga ne sai ƙashin ya turo, amma lokacin hankalinsa ba ya wurin. Na ce ni ma na yi masa ƙarya shekara biyu, don haka babu mai yi wa wani gori. Sannan na ce tunda ni mai raki na kwanta an yi, shi ma sai ya kwanta. Ya ce sai na warke. Na ce na warke. Ban warke ba, amma na tashi na ɗingisa gabansa har ƙofa don ya gani, na manta ba gani yake sosai ba.

Jiya aka yi masa na idon dama. Ma'aikaciyar jinya sau uku tana cewa in zauna, ina auna barandar da sandata. Yau da safe aka cire masa auduga. Ina tsaye a gefe, na ɗauka fuskata zai fara nema, har na gyara ɗaurin ɗankwali. Ya ƙifta ido, ya kalle ni kaɗan, sai ya sauke kai ƙasa. An hana shi sunkuyo, don haka ya ce in ɗora ƙafar a kan kujerar da ke gabansa. Na cire baƙin takalmin na ɗora.

Ya daɗe yana kallon tabon. Ya bi shi da babban yatsansa a hankali, yana ƙirga gurbin zaren ɗaya bayan ɗaya, sha ɗaya ne. Ya ce likitan ya iya ɗinki. Daga nan hawaye suka zubo masa, ya riƙe ƙafar da hannu biyu ya ce in yafe masa, ga likita tsaye, ga masu jiran layi suna leƙe.

Na ce masa ya sakar mini ƙafa, mutane na kallo, kuma an ce kada ruwa ya taɓa idon nan. Amma ban janye ƙafar ba, Yaya.

Ga shi can ana rubuta masa magani. Ki gaida yara.

Ƙanwarki, Auta