Ginshiƙin Benen Kawu

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, zaman banza ne kawai ya ishe ni.

Kin tambayi maganar aikin da Kawu ya ce zai samo mini wurin abokinsa. Yaya, tun da na gama karatun injiniyan gine-gine na dawo gidansa, ba abin da nake ji sai a ƙara haƙuri. Takarduna suna cikin motarsa har yau, a ƙarƙashin kujerar baya. Na gan su da idona, har da sawun takalmi a kai. Wanke-wanken gidan dai na ƙware, wannan ba a magana.

To, na gaji. Na buɗe shafi a dandalin intanet da ma'aikata da masu neman aiki ke haɗuwa, kuma ba bara nake yi a can ba. Kullum ina fita da wayata. In na ga bango ya tsage sai in kara biro a gefe don a ga girman tsagar, in ɗauki hoto, in rubuta abin da ya jawo da yadda za a gyara. Matar Kawu ta ce ina tallar kaina kamar tumatir. Na ce mata e, talla nake yi, kuma ba zan sauke farantin ba sai an saya.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na san labari zai riga wasiƙata isowa, to ki ji daga bakina.

Kin san benen shagunan Kawu, wanda ya ɗora wa ƙaton tankin ruwa bara? Ginshiƙin da ke ɗauke da tankin ya tsage, har ƙarfen ciki ya leƙo ya yi tsatsa. Na faɗa masa cikin ladabi, ya ce ginin ya girme ni. Sai na ɗauki hoto na sa a shafina, ban ambaci unguwa ba, ban ambaci mai shi ba. Ashe labulen telar da ke shagon ƙasa ya fito a gefe. Telar kuwa tana bibiyar shafina. Ta gane labulenta, ta nuna wa mai kemis, mai kemis ya nuna wa mai aski, kafin la'asar duk 'yan hayar sun yi cincirindo a ƙofar Kawu.

A ƙarƙashin wannan hoton ne wata babbar injiniya ta wani kamfani ta yi mini tambaya. Na amsa, ta sake jefo wadda ta fi wuya, na sake amsawa. Ta kira ni ganawa ranar Litinin. Nan take na amsa mata cewa zan zo.

Kawu kuwa ya ce in goge hoton, in rubuta a shafin cewa kuskure na yi, filasta ce kawai ta ɗaye, in ba haka ba in nemi wurin kwana. Na ce hoto zan iya saukewa don darajarsa, amma ƙarya ba zan rubuta ba. Ya ce duka biyun yake so. Ina jin tsoro, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Amma telar nan da jaririyarta take zuwa aiki, a gindin ginshiƙin take shimfiɗe ta.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Na karanta wasiƙarki har na yi kuka. Kin ce in lallaɓa, layi ɗaya ne, in rubuta a wuce wurin, Kawu ne ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. Ban manta ba. Amma ki duba, ba ni da uban gida, ba ni da wanda zai ɗaga waya ya ce a ɗauke ni. Shafin nan kaɗai nake da shi. In na rubuta a can cewa ban san bambancin filasta da ginshiƙi ba, wa zai ba ni gini in duba?

Ban rubuta ba. Ranar Lahadi na tarar da jakata a tsakar gida. Wata ƙawata malamar asibiti ta ba ni gefen katifarta, kuma daga can na tafi ganawar da rigar da ban samu gogewa ba.

Injiniyar ba ta da fara'a ko kaɗan. Ta kai ni wani gini da suke yi, ta miƙo mini hular kwano da ta fi kaina girma, ta ce in zagaya in faɗi abin da na gani. Na faɗa, ta gyara mini a wasu wuraren ba sassauci. Ta ɗauke ni gwaji, albashin ma ba na a zo a gani ba ne, kuma ta ce in na yi wasa za ta sallame ni. Na yarda.

Roƙona ɗaya: ki hana Inna jan ƙafar nan zuwa gidan Kawu ba da haƙuri a madadina. Zan je in gaishe shi da kaina, in durƙusa har ƙasa, don Kawuna ne. Amma maganar ginshiƙin tana nan yadda na faɗe ta. Ran da ya shirya gyarawa ya aiko, zan duba masa kyauta.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta