Rawani Biyar a Filin Maraɗi

Dakoro, 8 ga Rajab, 1957

Zuwa ga matata Dela, a Kornaka.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da jaririyarmu, da Baba da Inna. Ni ƙalau nake, sai kewarki da ta hana ni jin daɗin tuwon kowa.

Wanki Rabo, wanda zai karanta miki wannan, ya kawo mini saƙon Baba. Wai kin gama wankan jego tun wata uku, amma ba zai maido ki gidan ƙaton da ya dawo daga soja ya ɓige da jefa balo cikin kwando ba, sai na nuna masa aikin manya. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da na fara ganin wasan a barikin Dakar dariya na yi, kafin ya shiga raina.

To ga dama ta samu. Wata mai zuwa za mu kara da ƙungiyar Maraɗi, kuma Anasaran da ke duba wasanni zai zo daga Yamai. In ya yaba, zai ba ni takardar monita, wato mai koyar da wasa na gwamnati, in bar aikin kai takardu a biro, wato ofis. Mutanena biyar ne, duk zaƙaƙurai dogaye. Gwaninsu Attaher, makiyayi daga Tagris, in ya miƙa hannu har tausayin kwandon nake ji.

Ki yi mini addu'a. Rabo, kai kuma ka karanta yadda na rubuta, ban da ƙarin gishiri.

Mijinki, Jimrau.

Dakoro, 27 ga Rajab

Dela, ina gaishe ki, ina gaida kowa. Yaya jikin yarinya da haƙoran?

Na kwana biyu cikin damuwa. Takarda ta zo cewa dole shigar 'yan wasa ta zama iri ɗaya. Attaher kuwa ya ce ba zai kwance rawaninsa ba, domin surukinsa Alhusaini zai kai raƙuma Maraɗi a makon, kuma zai zo kallo. Kin san mutanensu, namiji ba ya buɗe baki gaban suruki ko da wuƙa a wuya. Na lallashe shi, na yi faɗa, har na ce zai jawo mini asarar iyalina. Ya sunkuyar da kai. Daga baya kunya ta kama ni, don ni ma tsoron ido huɗu da suruki ne ya sa nake aiko miki takarda maimakon in zo.

Sai na sake karanta takardar. Iri ɗaya ta ce, ba ta ce kai a buɗe ba. Yanzu duka biyar da rawani da amawali suke gudu. Da kin ga Mamani maƙeri ranar farko, da kin yi dariya har hawaye, rawanin ya warware ya harɗe masa ƙafa. Attaher ne ke naɗa musu yanzu, ɗauri mai ƙarfi irin na hawan raƙumi.

Ina tsoro, Dela. In Anasaran ya ɗauka raini ne, shi ke nan.

Naki, Jimrau.

Maraɗi, 16 ga Sha'aban

Matata Dela, gaisuwa da farin ciki. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya.

Mun ci su! Talatin da huɗu da ashirin da biyu.

Da muka sauka daga babbar motar kamiyo, 'yan birni suka yi ta sowa, wai ayarin gishiri ya ɓace hanya. Alƙalin wasa ya juya littafinsa gaba da baya, bai sami inda aka hana rawani ba. Ashe mai koyar da Maraɗi ya riga ya ware mutum biyu su manne wa Attaher. To wane ne Attaher? Dogaye biyar, baƙin rawani biyar, idanu kawai, rigunanmu ko lamba babu. Suka bi Mamani sawu da ƙafa har aka tafi hutu, shi da bai taɓa jefawa ta shiga sau biyu a jere ba. Kafin su farga an yi musu nisa.

Anasaran ya tambaye ni ko dabara ce na shirya. Na faɗa masa gaskiya, kunyar suruki ce. Ya yi dariya har ya cire tabarau, sannan ya sa hannu. Takardar tana aljihuna, kuma a makarantun lakwal uku zan riƙa koyarwa bayan salla. Da tsoho Alhusaini ya kama hannuna ya ce na rufa wa gidansa asiri, sai da na juya baya na share ido.

Ranar Alhamis ina tafe Kornaka da ƙafata, ki haɗa kayanki. Wani direba ya ce labari ya riga ni, wai ya ji Baba a rumfar mahauta yana gaya wa mutane surukinsa ne ya kayar da Maraɗi. Don Allah kada ki nuna masa na ji. Rabo, har da kai.

Mijinki mai ɗokin ganinki,
Monita Jimrau.